Shekara 14 a kan dogon ƙarfe, tsani mai hawa shida ne ya kayar da ni

Duk wanda ya ga ɗingishina, ya kuma ji cewa na yi shekara 14 ina hawa dogayen ƙarafan nan na layin waya, ba ya ma tsayawa tambaya. Shi da kansa yake ɗinka labarin: ai daga ƙololuwa bawan Allah ya faɗo, sauran kwana ne kawai ya cece shi. Da farko nakan bar mutane a haka, don labarin ya fi daɗin ji, ni ma ya fi rufa mini asiri. Amma a shekarun nan 14, ban da taurin tafin hannu da ɗan ƙwarzane nan da can, babu abin da sama ta taɓa yi mini. A ƙasa na karye. Cikin sito, daga kan tsani mai hawa shida, wata 11 bayan an ce an raba ni da aikin haɗari.

Ina ɗan shekara 22 na shiga aikin. Wanda ya koya mini wani dattijo ne marar yawan magana, dukanmu Baba muke ce masa. Ranar farko ko ƙarfe ɗaya bai bar ni na taka ba. Ya miƙo mini ɗamarar da ake hawa da ita, wadda ke zagaye cinyoyi da ƙirji da kafaɗu, ya ce in bi ɗinkinta da yatsa in faɗa masa abin da na gani. Na duba sama-sama na ce lafiyarta ƙalau. Ya karɓa, ya juya ta, ya nuna mini wani wuri kusa da zoben baya inda zare uku suka tsinke. Ya ce, "Yaro, da ka hau da wannan, yau ni zan je in yi wa mahaifiyarka bayani. Sake dubawa." Ashe da gangan yake ajiye tsohuwar ɗamarar nan, don gwada sababbin zuwa.

Aikin sama duk ƙa'ida ne. Ƙugiya biyu kake hawa da su, ba ka cire ɗaya sai ɗayar ta riga ta kama ƙarfe, ko da taku ɗaya za ka yi. Ba a hawa sai da takardar izini mai sa hannu. Ba ka hawa kai kaɗai, dole akwai na ƙasa da ke kallonka da igiyar ceto kusa da shi, domin wanda ya zame ɗamara ta riƙe shi yana reto bai gama tsira ba tukuna: in ya daɗe a rataye jini kan taru a ƙafafunsa har ya sume. Iska ta yi ƙarfi, a sauko. Hadari ya haɗo, ko ɗigo bai fara ba, a sauko. Kowace sifana da igiyarta a ɗaure, saboda sifanar da ta suɓuce daga mita 60 tana isa ƙasa da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, a ƙasan nan kuwa akwai kan mutum. Kafin ƙafata ta bar ƙasa nakan ci kusan awa guda a shiri.

Tsoro kuma bai taɓa barina ba, ko a shekarar ƙarshe. Akwai wani abu da ke tsinkewa a cikina duk lokacin da na wuce rabin ƙarfen na leƙo na ga mota ta koma kamar ashana. Ina jin kunyar wannan tsoron a da, har na faɗa wa Baba. Ya ce ranar da na daina jin sa in zo in faɗa masa, shi da kansa zai sallame ni.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka aikin sama wasa ne. Yana kisa. A shekarata ta shida wani abokin aikinmu, wanda ya riga ni shiga sana'ar kuma ya fi ni iya ta nesa ba kusa ba, ya zo zai zagaya wani farantin eriya, igiyarsa ta gaza kaiwa. Maimakon ya koma baya ya sake kamu, ya cire ƙugiyoyin biyu a tare. Daƙiƙa nawa ne? Ba za ta wuce biyar ba. Ban ga faɗuwarsa ba, ina wani wurin aiki ranar. Hular kwanonsa na gani washegari a bayan mota, igiyar haɓarta a ɗaure kamar yadda ya ɗaura ta da safe. Ya bar yara huɗu. Tun daga ranar uwargidana ba ta sake kwana da kwanciyar hankali ba in na yi tafiya.

Shi ya sa da gwiwoyina suka fara ƙorafi, kamfani ya ce a mayar da ni mai kula da sito, ta fi kowa murna. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Baban yara, yanzu na san da yamma zan gan ka da ƙafafunka." Maganar nan har yau in na tuna mata sai ta rufe fuska.

An ƙara mini matsayi, an kuma cire mini alawus ɗin haɗari, wanda daidai ne a kan takarda. Bari in ɗan yi bayanin takardar, don ita ce cibiyar labarin nan. Yawancin manyan wuraren aiki suna da wani fam na auna haɗari. Jadawali ne mai gida biyar a tsaye, biyar a kwance. Gefe guda ana tambaya: in abin ya faru, yaya muninsa, daga 1 wato ƙwarzane zuwa 5 wato mutuwa? Ɗaya gefen: yaya yiwuwar faruwarsa, ita ma daga 1 zuwa 5? Sai a ninka lambobin biyu. Abin da ya fito da babbar lamba a shafa masa ja, na tsakiya ruwan ɗorawa, ƙarami kore. Hawan dogon ƙarfe ja ne wur, don haka kuɗi da horo da ido duk can suke tafiya. Aikin sito kuwa daga sama har ƙasa kore ne shar. Wanda ya cike fam ɗin namu yaro ne mai hankali daga ofis, ban ga laifinsa ba, sai dai bai taɓa sauko da kwali daga kanta ta sama ba. A layin da ya rubuta "amfani da tsani" ya ba muni 2, ya ba yiwuwa 2. Huɗu ke nan cikin 25.

Ni ma na yarda da koren nan. In faɗi gaskiya, har raina shi na yi. Mutumin da ya saba cin abincin rana yana zaune a kan ƙarfe mita 70 daga ƙasa, a ce masa ya kiyayi tsanin da yara ke hawa su ɗauko ƙwallo a rufin ɗaki? Cikin wata biyu na ajiye takalmin aiki a ƙarƙashin tebur na koma silifas, saboda sito akwai zafi. Hular kwano ta zama wurin ajiye makullai.

Tsanin na alminiyom ne, irin mai buɗewa kamar almakashi. Robar ƙafarsa ɗaya ta daɗe da ficewa, don haka yana ɗan rawa a kan siminti. Ni da hannuna na naɗe guntun kwali na cusa a ƙarƙashin ƙafar. In kwalin ya lotse in sake wani. Wannan hannun ne fa ya yi shekara 14 yana bin ɗinkin ɗamara zare-zare.

Ranar da abin ya faru ƙarshen wata ne, muna ƙidayar kaya, kwana na uku ke nan muna tashi bayan goma na dare. Wajen ƙarfe biyar na yamma direba ya zo ɗaukar wata na'urar cajin batir da za a kai wani wurin aiki mai nisa, yana ta danna ham don yana so ya kama hanya kafin duhu. Na'urar tana kanta ta sama, a kwali, nauyinta bai fi na jarkar ruwa ƙarama ba, kilo 12 ko kusa da haka. Yaron da ke taya ni aiki yana can ƙarshen sito da littafin ƙidaya. Kiran sa zai ɗauki minti ɗaya. Na ga minti ɗayan ya yi mini yawa.

Na ja tsani, na tura kwalin ƙarƙashin ƙafarsa da yatsan ƙafa, na hau hawa na biyar. Na'urar tana ɗan gefen dama, hannuna bai kai sosai ba. Daidai nan ya kamata in sauko in matsar da tsani. Sai na miƙa jiki. Na kama kwalin da hannu biyu, na janyo shi zuwa ƙirjina. Ƙa'idar tsani kowa ya san ta, ni ma na sha koyar da ita: gaɓa uku su kasance a jikinsa koyaushe, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, cibiyarka kuma kada ta wuce tsakanin sandunansa. A lokacin ƙafafuna kaɗai ke kan tsanin, cikin silifas, cibiyata kuwa tana waje. Waya ta fara ruri a aljihuna. Na ji tsanin ya yi wani ɗan ƙas, ya tafi hagu, ni na tafi dama.

Daga baya na yi lissafi, tunda na samu lokacin lissafi har na gaji. Wanda ya faɗo daga mita ɗaya da rabi yana isa ƙasa cikin rabin daƙiƙa da ɗan ɗoriya, da gudun kusan kilomita 20 a awa. Rabin daƙiƙa ba ta isa mutum ya yanke shawarar komai ba. Ko kwalin ban saki ba. Na dira a tsaye a kan dunduniyar dama, nauyina da na na'urar duk a kanta, sannan na zube. Na ji ƙarar a cikin kaina kafin in ji zafin, kamar an taka busasshen ƙoƙo.

Abu na farko da na yi dariya ce, ta kunya. Yaron ya rugo yana cewa, "Oga, kar ka tashi! Don Allah Oga kar ka tashi!" Na ce masa ba komai, targaɗe ne, ya miƙa wa direba kayansa. Na dafa kanta na yunƙura. Ban san lokacin da na koma ƙasa ba.

A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ɗaga shi a gaban fitila ya nuna mini. Ƙashin dunduniya ya rotse gida-gida. Ya ce irin wannan karayar galibi daga faɗowa ake samun ta, mutum ya dira a kan ƙafa, kuma sau da yawa ƙarfin dirar kan bi ƙafa ya hau har ƙashin baya, don haka sai da aka ɗauki hoton bayana ma. Allah ya rufa asiri, baya lafiya. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa tsohuwar. Ya gyaɗa kai ya ce daga mita nawa? Da na ce ɗaya da rabi, ya ajiye biro ya dube ni, sannan ya ce ba ni ne na farko ba, kuma ya ga waɗanda ƙasa da haka ta kai su kabari, in kai ne ya fara isa siminti.

Sai da aka jira kusan mako biyu kumburi ya saɓe kafin a yi tiyata, aka sa ƙarfe da kusoshi. Wata uku ban taka ƙafar ba. Bayan nan aka shiga gashin ƙashi, wanda in ba ka taɓa yi ba ba za ka san babba na iya kuka don an lanƙwasa masa idon sawu ba.

A ɗakin jinyar nan na fara ganin abin da ban gani ba ina sama. Gadon da ke damana wani mai share-share ne da ya zame a kan jiƙaƙƙen daɓe ya karya ƙugu. Na hagu ɗan aikin gona ne, injin casa ya ja hannun rigarsa ya haɗa da yatsu uku. Can ƙarshe direba ne da barci ya ɗauke shi a kan hanya bayan ya kwana yana tuƙi. Ma'aikaciyar jinyar da ke juya mu a gado ita kanta da ɗamarar baya take yawo a ƙarƙashin farin kayanta, ta ce shekarun ɗaga majinyata ne suka cinye mata kwankwaso. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tambaya: babu wanda aka taɓa ba alawus ɗin haɗari a cikinsu. Babu wanda aka taɓa yi wa horon awa guda.

Wanda ya kwanta wata uku da waya a hannu zai yi karatu ko bai so ba. Na ci karo da ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta fitar a 2023: kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda adadin ya rabu. Haɗurra irin waɗanda ake gani da ido, faɗowa da wuta da inji da mota, sun ɗauki kimanin 330,000. Sauran miliyan 2.6 cututtuka ne, na zuciya da na huhu da cutar kansa, waɗanda ke cin mutum a hankali ba a ji ƙarar komai ba. Waɗanda suka ji rauni ba su mutu ba, irina, miliyan 395. Cikin duk mutum uku da haɗarin aiki ya kashe kuma, ɗaya ma'aikacin gona ne, sana'ar da ba wanda ke tsayawa a bakin hanya ya kalle ta yana riƙe baki kamar yadda ake kallon mu a kan ƙarfe. Ita wannan ƙungiya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya sun kuma ƙiyasta cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya. Na tuna kwana ukun nan da muka yi muna tashi bayan goma. Babu gidan gajiya a fam ɗinmu.

A Amurka, inda suke bin waɗannan lambobi sana'a-sana'a, masu saran itace a daji da masunta da masu aikin rufin gini su ne kullum a sahun gaba wajen mutuwa. Amma in aka koma lissafin raunin da ke hana mutum zuwa aiki ba tare da ya kashe shi ba, sai ka ga mataimakan jinya sun hauro kusa da sama, saboda ciwon baya da na kafaɗa. Jeri biyu ne daban. Ɗaya na faɗa maka wane aiki ne in ya kama ka ba ya saki. Ɗayan na faɗa maka wane aiki ne ke yawan kama mutane. Ni shekara 14 na yi ina kallon jeri na farko kaɗai.

Da na juya abin a raina, na ga inda lambar 4 ɗin nan ta yaudare mu. Dogon ƙarfe, in aiki ya yi yawa, sau biyu nake hawansa a rana, wani lokaci sau biyu a mako, kowane hawa da awa guda ta shiri, da ƙugiya biyu, da mai kallo, da tsoro. Tsanin sito kuwa na sa yaron ya ƙirga mini daga baya a rana ɗaya ta aiki: sau 34. Babu shiri, babu mai riƙewa, babu tsoro. Abin da muninsa ya kai 5 an kewaye shi da katanga bakwai har yiwuwarsa ta dawo ƙasa. Abin da aka ce muninsa 2 ne an bar shi tsirara, ana maimaita shi sau ɗari da wani abu a mako. Kuma 2 ɗin ma ba daidai ba ce, dunduniyata shaida. Na karanta cewa a Birtaniya a da ƙa'idar kariya daga faɗowa a aikin gini daga mita biyu take farawa, sai a dokar 2005 suka cire wannan iyaka, suka ce duk tsayin da mutum zai faɗo ya ji rauni aikin sama ne. Da wannan ma'auni, ban taɓa barin aikin sama ba. Ɗamarar kawai na bari.

Mako na biyu da sallamata daga asibiti mutum biyu suka zo daga ofis da takardun bincike. Sun gaishe ni da mutunci, sun yi jaje, sannan suka fara tambaya. Takalmi? Silifas. Hannu nawa a kan tsani? Babu. Ka san robar ta fice? Na sani. A gidan da aka rubuta musabbabi suka sa "kuskuren ma'aikaci". Ban musa ba, don duk abin da suka rubuta gaskiya ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wanda ba su rubuta ba. Sau biyu na nemi a sayo mana tsani mai dandamali da makari, irin wanda ake turawa a kan taya, sau biyu ana ce mini a jira kasafi na gaba, tunda abin da ke kore ba ya gaggawa. Sannan yaron nan sau biyu tsanin yana zamewa da shi kafin ni, Allah ya tsare. Ba mu kai rahoto ba. A bakin ƙofar kamfani akwai allo da ake rubuta kwana nawa aka yi ba a samu haɗari ba, lambar ta haura 400, ana alfahari da ita, ba wanda ke son ya zama shi ne ya kawo maganar da za ta ɓata wa manya rai. Ni da nake shugaban sito na ce wa yaron, "Tunda ba ka ji ciwo ba, bar maganar."

Wani Ba'amurke ma'aikacin inshora mai suna Heinrich ya faɗa tun 1931 cewa a bayan kowane babban rauni ɗaya akwai ƙanana 29 da kuma 300 da suka wuce ba a ji ciwo ba. Masana sun daɗe suna jayayya a kan waɗannan lambobi, kuma suna da hujja. Ni dai abin da na sani, nawa gargaɗin sau biyu ya zo, na mayar da shi.

Allon nan ma ya sa na tsaya a kan labarin Deepwater Horizon, dandalin haƙar mai da ya yi bindiga a Tekun Meziko ranar 20 ga Afrilu, 2010, mutum 11 suka mutu. A ranar akwai manyan jami'ai a kan dandalin, cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata kan shekara bakwai ba a samu raunin da ya hana wani aiki ba. Su sun iya ƙirga zamewa da yankan yatsa, rijiyar da ke ƙarƙashinsu tana shirin tashi. Mu kuma mun zuba wa babban abu ido, ƙaramin ya tsone mu. Ɗinki fa, wa zai sa shi a jerin ayyukan haɗari? Amma ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh a kan masu ɗinkin tufafi, fiye da mutum 1,100 suka mutu, bayan an ga tsagewa a bango tun jiya aka kuma ce su koma bakin keke. Sunan sana'arsu bai faɗi komai ba game da ginin da suke zaune a ciki.

Masu zuwa dubiya kusan duk maganarsu ɗaya: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, ita ce ma ta riƙe ni a watannin da nake kwana ina kallon silin ina lissafin kuɗin makarantar yara. Sai dai duk lokacin da aka faɗa, guntun kwalin nan nake gani. Wanda aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ni nawa raƙumin da kwali na tokare shi.

Baba ya zo, ya tsufa sosai, jikansa ne ya riƙo shi. Ya zauna ya daɗe yana kallon ƙafar. Na zaci zai yi faɗa. Ya ce, "Na ce ranar da ka daina tsoro ka zo ka faɗa mini. Ba ka zo ba." Na ce, "Baba, ai na sauko ne." Ya ce, "To, ga shi kuwa ka sauko." Ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, ita ce dariyata ta farko tun ta ranar faɗuwa.

Kamfani ya biya kuɗin asibiti, ya ci gaba da ba ni albashi, daga baya aka ba ni diyyar da ba ta kai abin da na zata ba saboda kalmomin nan biyu na takardar bincike. Ban kai ƙara ba. Ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma likita ya riga ya faɗa mini ba za ta koma ba. A kan daɓe mai santsi ina tafiya kusan kamar kowa. Ƙasa mai gargada ce ba na iyawa, don gaɓar da ke ƙarƙashin idon sawu, wadda ke barin ƙafa ta karkata dama da hagu, ta sandare. In sanyi ya shigo tun kafin kowa ya ɗauko bargo ni na sani.

Bayan wata bakwai na koma aiki da sanda. An sayo tsani mai dandamalin, sabo fil, mako biyu bayan faɗuwata aka kawo shi. Amma da na leƙa bayan ƙofa sai ga tsohon a jingine, an sa masa sabuwar roba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, sabon ba ya shiga layin ƙarshe, ya yi faɗi." Ashe har yanzu da tsohon ake hawa can, kuma can ne kayan nauyi suke.

Masu ilimin kariya suna da tsari da suke bi: kafin ka ba mutum hula da takalmi, kafin ma ka kafa masa doka, fara tambaya ko za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya. Na sha jin wannan a horon aikin sama, ban taɓa kawo shi sito ba. Kwana biyu muka yi ni da yaron da lebura biyu. Duk abin da ya haura kilo biyar ya sauko tsakanin gwiwa da kafaɗa. Abin da ake ɗauka kullum ya dawo kusa da ƙofa. Sama muka bar wa fankon kwalaye da kayan da sai a shekara ba a nema ba. Muka ja kanta ɗaya baya, layin ƙarshe ya buɗe. Ko sisin kamfani ba mu taɓa ba, kuma babu abin da ya hana ni yin haka tun ranar da na karɓi makullin sito. Tsohon tsanin na sa aka yanka shi gida uku a gabana, don na san halinmu, in aka jingine shi wata rana wani zai yi sauri.

Da lokacin sabunta fam ya zo, yaron ofis ɗin nan ya kawo mini in sa hannu. Layin tsani yana nan, an mayar da shi ruwan ɗorawa. Na ɗauki rula na ja masa sabon gida a gefen takardar da biro, na rubuta a samansa "sau nawa a rana". A layin tsani na sa 34, na ja kibiya na sa 3, wanda shi ne abin da muke hawa yanzu. Na ƙara wani gidan na rubuta "awa nawa mutum ya yi yana aiki kafin ya taɓa wannan".

Ya duba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin tsarin fam ɗin, kwamfuta ba za ta karɓa ba."

Na ce ya kai musu a haka, in sun tambaya ya ce mai ɗingishin sito ne ya rubuta. Ya naɗe takardar ya sa a jaka. Wata huɗu ke nan, ban ji komai ba tukuna.